Na'urar da ke Ƙara Tsada Tana Tsufa: Nazari kan Sauyin Dabarun Kasuwancin Na'urorin Gem, 2020 zuwa 2025

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani sauyi da ya auku a kasuwar na'urorin gem da ake jonawa da talabijin, wato PlayStation ta kamfanin Sony, da Xbox ta Microsoft, da Switch ta Nintendo. Shekaru kusan 30 an saba da cewa farashin na'ura sauka yake yi duk lokacin da ta ƙara shekara a kasuwa. Daga 2022 zuwa ƙarshen 2025 sai abin ya juye. Takardar ta bi diddigin farashin da kamfanonin suka sanar da bakinsu, ta auna dalilan da suka bayar, sannan ta yi hujja da cewa tsadar kayan haɗi da harajin shigo da kaya ba su isa su bayyana abin da ya faru ba. Babban dalili shi ne kamfanonin sun rage neman sababbin masu saye, sun koma tatsar waɗanda suka riga suka shiga hannu. A ƙarshe an duba yadda wannan ya shafi gidajen gem na garuruwanmu, waɗanda rayuwarsu ta dogara ga kayan hannu.

1.0 Gabatarwa

A watan Mayun 1995, a taron baje kolin E3 na farko da aka yi a Los Angeles, kamfanin Sega ya sanar cewa na'urarsa Saturn za ta ci dala 399. Da aka kira Steve Race, shugaban sashen PlayStation na Amurka, ya hau mumbari, bai yi wani jawabi ba. Lamba kawai ya ambata, 299, ya sauka. Masu tarihin wannan sana'a suna yawan kawo labarin domin ya nuna makamin da aka fi ji da shi a wancan zamani, wato araha. Bayan shekara shida Sega ya daina ƙera na'ura baki ɗaya.

Shekara 30 bayan haka, a watan Agustan 2025, Sony ɗin nan ya ƙara dala 50 a kan PlayStation 5 a Amurka, na'urar da ta kusa cika shekara biyar a kasuwa. Babu wani abokin hamayya da ya yi amfani da wannan dama ya karya farashi, domin kowannensu ya riga ya yi nasa ƙarin. Tambayar da wannan takarda ta sa gaba ita ce: me ya sa makamin da ya ci yaƙi a 1995 aka rataye shi, kuma wa ke biyan kuɗin rataye shin?

An taƙaita nazarin ga farashin Amurka, saboda shi ne ma'aunin da 'yan kasuwarmu ke bi idan za su yi wa kaya kuɗi, sai inda aka ambaci Japan don kwatanci.

2.0 Tsohuwar ƙa'ida

Tsarin da aka gada tun zamanin Famicom, wadda Nintendo ya fitar a Japan a 1983, mai sauƙin fahimta ne. Kamfani ya sayar da na'ura a kan riba kaɗan, ko ma a kan faɗuwa, sannan ya karɓi kamasho a kan kowane wasa da aka sayar don wannan na'ura, ko shi ya yi wasan ko wani. Kamar mutum ne ya sayar maka da risho a ƙasa da kuɗin da ya saro, bisa sharaɗin ba za ka sayi kananzir a wurin kowa ba sai shi. A kantunan intanet na yau wannan kamasho yakan kai kashi 30 cikin 100.

Tunda riba tana cikin wasa, abin da kamfani ke buƙata shi ne na'ura ta shiga gidaje da yawa. Saboda haka farashi yakan bi matakala yana sauka. PlayStation 2 ta shiga Amurka a 2000 a kan dala 299. A 2002 ta dawo 199, a 2004 ta koma 149, a 2009 kuwa dala 99 ce. Kowane mataki yana buɗe ƙofa ga wani rukuni na masu saye: da farko 'yan ga-ni-kashe-ni da ke kwana a layi, sai masu jira a ga kamun ludayi, sai iyaye masu saya wa yara, daga ƙarshe sai ƙasashen da dala 299 albashin watanni ne. Da wannan matakala PlayStation 2 ta haura miliyan 155. PlayStation 4 ma haka ta bi: dala 399 a 2013, dala 349 a 2015, dala 299 a 2016.

Idan kuma aka yi kuskuren sa kuɗi da yawa, kasuwa ba ta jinkirin hukunci. Nintendo ya fitar da 3DS a Amurka a watan Maris na 2011 a kan dala 249.99, ciniki ya yi sanyi, kafin wata shida ya zaftare ta zuwa 169.99, shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, ya rage rabin albashinsa. Sony ma ya ɗanɗana kuɗarsa a 2006 da ya sa wa babbar PlayStation 3 dala 599, ya kwashe shekaru yana bin bayan Wii ta Nintendo mai dala 249.99.

Abin da ya sa wannan rangwame ya yiwu shi ne ci gaban masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta. Duk bayan shekara biyu ko uku akan iya ƙera ƙwaƙwalwa iri ɗaya a ƙaramin fili, ta ci wuta kaɗan, ta rage zafi, sai fanka da akwati da komai su ƙanƙance, kuɗin ƙira ya faɗi.

3.0 Yadda ƙa'idar ta karye

A watan Nuwamban 2020 aka fitar da na'urorin wannan zamani. PlayStation 5 mai cin faifai dala 499.99, marar cin faifai 399.99. Xbox Series X dala 499.99, ƙaramarta Series S 299.99.

A watan Agustan 2022 Sony ya ƙara farashi a Turai da Japan da wasu ƙasashe, ya ƙyale Amurka. A 2023, da ya fitar da siririyar PlayStation 5, wadda a al'ada ita ce ke zuwa da rangwame, sai marar faifan ta tashi zuwa 449.99. A Nuwamban 2024 ya kawo PlayStation 5 Pro a kan 699.99, kuma babu wurin sa faifai sai mutum ya saya daban. Ƙarin Agustan 2025 ya kai mai faifai 549.99, marar faifai 499.99, Pro kuwa 749.99. Wato marar faifan da aka fito da ita don masu ƙaramin ƙarfi ta kai kuɗin da babbar ta fara da shi.

Microsoft ya yi ƙari sau biyu a shekara guda, a Mayu da Oktoban 2025, har Series X ta kai 649.99, Series S ta kai 399.99. A wannan Oktoba kuma ya ɗaga kuɗin wata-wata na babban tsarin Game Pass, wato hayar wasanninsa ta intanet, daga dala 19.99 zuwa 29.99. Nintendo kuwa ya yi abin da ya fi ba ni mamaki a duk jerin nan: a Agustan 2025 ya ƙara wa Switch ta farko kuɗi, daga 299.99 zuwa 339.99, na'urar da ta fito tun 3 ga Maris 2017, kuma bayan magajiyarta, Switch 2, ta riga ta shiga kasuwa.

Wasannin su ma ba a bar su a baya ba. Dala 60 da aka saba da ita shekara kusan 15 ta zama 70 a 2020, sannan Mario Kart World ya zo da 79.99 a 2025.

3.1 Dalilan da aka bayar

Ruwa ba ya tsami banza, kuma dalilan da kamfanonin suka kawo ba ƙarya ba ne. An yi ƙarancin ƙwaƙwalwar kwamfuta a duniya daga 2020 zuwa 2022. An yi hauhawar farashi. Darajar yen ta faɗi. Ƙanƙanta ƙwaƙwalwa a masana'antu irin TSMC ta Taiwan ya daina zuwa da sauƙin kuɗi kamar da, domin injinan kowane sabon mataki sun fi na baya tsada nesa ba kusa ba. Sannan ga haraji. A ranar 2 ga Afrilun 2025, ranar da Nintendo ya sanar da farashin Switch 2, a ranar ce Shugaba Donald Trump ya sanar da sababbin harajinsa, ciki har da kashi 46 cikin 100 a kan kayan Vietnam, inda Nintendo ya mayar da wani ɓangare na ƙirarsa. Dole kamfanin ya ɗage fara karɓar oda a Amurka daga 9 ga Afrilu zuwa 24 ga wata.

Sai dai wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki. Ƙarin farko na Sony ya riga harajin Trump da fiye da shekara biyu. Ƙarin kuɗin Game Pass ba shi da alaƙa da kwastan, tunda ba a jirgin ruwa ake kawo shi ba. Kuma a da, idan kuɗin ƙira ya yi yawa, kamfani ne ke haɗiye asarar don ya ci kasuwa, kamar yadda Sony ya yi da PlayStation 3. Abin tambaya shi ne me ya sa yanzu ba ya jin dole ya haɗiye.

3.2 Dalilin da ba a cika faɗa ba

A ganina amsar tana cikin wata magana da Phil Spencer, shugaban sashen Xbox na lokacin, ya yi a wata hira a watan Mayun 2023. Ya ce zamanin Xbox One da PlayStation 4 shi ne mafi munin zamanin da kamfani zai sha kaye a cikinsa, domin a lokacin ne mutane suka tara wasanninsu a asusun intanet. Ma'anar wannan ita ce, wanda ya kashe kuɗin shekara goma yana sayen wasanni a asusun PlayStation, ga abokansa duk a can, rangwamen dala 100 ba zai sa ya yi ƙaura ba. Tunda araha ba ta janyo mutumin abokin hamayya, tsada kuma ba ta korar naka, me zai sa ka yi rangwame?

Ga kuma batun girman kasuwar. Wayar hannu ta kwashe masu wasa na ɗan lokaci, waɗanda su ne Wii ta kama har ta sayar da sama da miliyan 101. Yaron da a 2005 za a saya wa PlayStation 2 mai rahusa, yau yana buga Roblox ko Fortnite a wayar mahaifiyarsa. Rahoton kamfanin Newzoo a kan shekarar 2023 ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na lokacin da ake kashewa a wasa a kwamfuta da na'urori yana tafiya ne ga wasannin da suka shekara shida ko fiye. A gefe guda kuɗin yin sabon babban wasa ya tashi. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kula da ciniki ta Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kimanin dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212. Idan aka zuba irin wannan kuɗi wasa bai karɓu ba, asarar ba ta da kyan gani. Concord, wanda Sony ya fitar ranar 23 ga Agustan 2024, makonni biyu kacal ya yi aka janye shi, aka mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya aka rufe reshen Sony da ya yi shi.

Masu saye ba sa ƙaruwa sosai, kuɗin aiki yana ƙaruwa, masu hannun jari suna jiran riba. Hanyar da ta rage ita ce a ƙara abin da ake samu daga kowane kai. Kuma kasuwa ta nuna za ta ɗauka: Switch 2, da farashinta na farko na dala 449.99, ta sayar da sama da miliyan 3.5 a kwana huɗu na farko bayan fitowarta ranar 5 ga Yunin 2025, ta haura miliyan 10 kafin ƙarshen Satumba.

Wani abin lura shi ne rangwame bai mutu ba, zaɓar masu cin moriyarsa ake yi. A 2025 Nintendo ya yi wa 'yan Japan Switch 2 mai harshen Japananci kaɗai a kan yen 49,980, alhali mai harsuna da yawa 69,980 ce. A Nuwamban 2025 Sony ya bi sahu da PlayStation 5 ta Japananci zalla a kan yen 55,000. Kulle harshen an yi shi ne don kada ɗan kasuwa ya saro ya fitar waje.

4.0 Daga faifai zuwa lasisi

A 2013 Microsoft ya so ya taƙaita aro da sake sayar da faifan wasa a Xbox One. Jama'a suka yi ca. Sony ya fitar da wani gajeren bidiyo na ba'a, inda jami'insa Shuhei Yoshida ya miƙa wa abokin aikinsa faifai hannu da hannu, a matsayin darasin yadda ake aron wasa a PlayStation 4. Cikin 'yan kwanaki Microsoft ya janye.

Abin da aka ƙi ta ƙofar gaba a 2013 ya shigo ta baya ba tare da hayaniya ba. Alƙaluman Sony na shekarun nan sun nuna sama da kashi 70 cikin 100 na cikakkun wasannin da ake saye a PlayStation saukewa ake yi daga intanet. Series S ba ta da wurin faifai tun asali. Wasu wasannin Switch 2 ana sayar da su a kati wanda babu wasan a cikinsa, mabuɗi ne kawai na saukewa. Wasan da aka sauke daga kanti ba ya aruwa, ba ya sayuwa, kuma yana iya ɓacewa. Da Ubisoft ya kashe manyan kwamfutocin da ke riƙe da wasan The Crew a ƙarshen Maris 2024, har masu faifai suka wayi gari ba su da komai. Wannan ne ya haifar da gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Jihar Kalifoniya kuma ta yi doka a 2024 da ta tilasta wa kantunan intanet su bayyana wa mai saye cewa lasisi ya biya wa kuɗi.

5.0 Talla ba mai tambaya

Salon talla ma ya bi wannan hanya. E3, inda 'yan jarida da dillalai ke taɓa na'ura su yi tambaya, an yi na ƙarshe ido da ido a 2019, aka sanar da rufe shi a Disambar 2023. Abin da ya maye gurbinsa shirye-shiryen bidiyo ne da kamfani ke naɗa da kansa, irin Nintendo Direct da aka fara a 2011 da State of Play na Sony da aka fara a 2019. Ya fi araha, kuma babu mai ɗaga hannu. A shirin gabatar da Switch 2 na sa'a guda ba a ambaci farashi ba, sai a sanarwar da ta biyo baya mutane suka gani.

6.0 Abin da ke tafe

Alamun da ake da su zuwa ƙarshen 2025 ba su nuna komawa ga araha ba. Microsoft, bayan ya kashe dala biliyan 68.7 wajen sayen Activision Blizzard, cinikin da aka kammala ranar 13 ga Oktoban 2023, ya fara kai wasanninsa PlayStation tun 2024, har da Forza Horizon 5 a 2025, ya kuma sanar cewa Halo ma na kan hanya. Tallansa na Nuwamban 2024 ya nuna waya da talabijin da kwamfuta yana cewa kowannensu Xbox ne. Kamfanin da ke faɗin haka ya daina ɗaukar akwatin a matsayin filin daga. A Yunin 2025 ya sanar da yarjejeniya da AMD, kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta, don ƙera na'ura ta gaba, shugabar Xbox ta lokacin, Sarah Bond, kuma ta siffanta ta da cewa ta manya ce. Mark Cerny, babban mai tsara PlayStation, ya ce fasahar da suke haɗawa da AMD sai nan da 'yan shekaru za ta bayyana a sabuwar na'ura. Kamfanin Valve ya sanar da Steam Machine a Nuwamban 2025, wadda kwamfuta ce a siffar na'urar falo.

A ƙarshen 2025, abin da kowa ke jira a zahiri ba na'ura ba ce, wasa ne. Grand Theft Auto VI, wanda Rockstar ya ɗage zuwa 26 ga Mayun 2026, sannan ya sake ɗagewa zuwa 19 ga Nuwamban 2026. Wanda ya gabace shi ya tara dala biliyan ɗaya a kwana uku a 2013. Kamfanin da ya san miliyoyin mutane za su sayi na'urarsa saboda wasa guda ba shi da wani dalilin rage kuɗi kafin ranar.

7.0 Inda abin ya shafe mu

Duk wanda ya zaga unguwannin Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maradi ya san gidan gem: shago, talabijin biyu ko uku, benci, janareta a waje, samari na biyan kuɗi suna buga ƙwallo, wanda aka ci ya miƙa hannun. Waɗannan gidaje a matakin ƙarshe na tsohuwar matakala suke zaune. Na'urar da Bature ya gaji da ita ce ke iso mana a kayan hannu, kuma kuɗin ta hannu yana bin kuɗin sabuwa. Idan sabuwa ba ta sauka ba, ta hannu ma ba za ta sauka sosai ba. A kan wannan sai a ɗora faɗuwar naira. Kafin Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Na'urar dala 500 ta tashi daga kimanin naira 230,000 zuwa sama da 750,000 tun kafin kamfani ya ƙara ko sisi.

Ɓacewar faifai ta fi wannan illa. Faifai ɗaya yakan zaga gidaje biyar ta hanyar aro da musaya. Wasan saukewa kuwa wani yakan haura gigabayit 100, a ƙasar da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025, kuma wuta na iya ɗaukewa ana tsakiyar saukewa. Najeriya da Nijar ba sa cikin jerin ƙasashen da ake buɗe asusun PlayStation da sunansu, shi ya sa matasanmu ke buɗewa da adireshin Amurka ko Ingila suna sayen katin kuɗi a hannun dillalai. Ko ƙwallon da ta riƙe gidajen nan ta sauya: Konami ya mayar da PES zuwa eFootball a 2021, ba ya zuwa a faifai, kuma rayuwarsa a intanet take. Ba abin mamaki ba ne da har yau ake ganin tsofaffin na'urori a shaguna, da tsohon wasa da masu gyara suka sabunta wa sunayen 'yan ƙwallo.

Hasashena shi ne tazarar da ke tsakanin fitowar na'ura da isowarta gidan gem na unguwa za ta ƙara tsawo, kuma matasa da yawa za su tsallake na'ura su zauna a waya. Amma hasashe ba bincike ba ne. Ina kira ga sassan nazarin kasuwanci da na sadarwa a jami'o'inmu da su tura ɗalibai su ƙirga gidajen gem na unguwa guda, su rubuta irin na'urar da ke ciki, da kuɗin da aka saye ta, da abin da ake karɓa a kowane wasa, da abin da fetur ke ci, sannan a koma bayan shekara biyu a sake ƙirgawa.